Kung Fu Panda 4: Kuɗi sun shigo, amma masu ƙorafi na da gaskiya

Shekara takwas masoya fina-finan katun suka yi suna jiran dawowar Po, ƙaton pandan nan mai shegen son abinci wanda ya zama gwanin faɗan kung fu. Da kamfanin DreamWorks na Amurka ya saki kashi na huɗu na Kung Fu Panda a watan Maris na 2024, sai 'yan kallo suka rabu gida biyu.

Gida na farko na cewa fim ɗin ya biya. Akwai dariya, akwai faɗa, zanen ya yi kyau, yara sun fito suna tsalle. Gida na biyu kuma na cewa an ci amanar labarin da suka taso da shi, an ɗauko sunan Po an lulluɓe fanko da shi.

Idan kuɗi ne alƙali, shari'ar ta ƙare. Kimanin dala miliyan 85 aka kashe wajen shirya fim ɗin, ya kuma samo sama da dala miliyan 540 a sinimomin duniya, fiye da abin da kashi na uku ya samu a 2016.

Sai dai kuɗi na nuna yawan waɗanda suka shiga kallo ne kawai, ba ya faɗin abin da suka fito da shi a zuciya. Masu ƙorafin suna da gaskiya, ko da yake yawancinsu ba su ɗora yatsa a kan ainihin ciwon ba.

'Yan kallo biyu, ma'auni biyu

Yaron da ke da shekara takwas lokacin da aka saki kashi na farko a 2008, ya kai shekara 24 a 2024. Wanda kuwa ke da shekara takwas a 2024, an haife shi ne a shekarar da kashi na uku ya fito. Su biyun suna iya zama a layin kujeru ɗaya, amma ba fim ɗaya suke kallo ba.

Ƙaramin yana ganin panda yana faɗuwa yana tashi, yana ganin hawainiya tana rikiɗa, ya wadatu. Babban yana riƙe da fina-finai uku a kansa, yana auna kowane fage da abin da ya gabata.

Alƙaluma ma sun nuna wannan rabuwar. Kamfanin CinemaScore, wanda ke tambayar mutane ra'ayinsu a ƙofar sinima a Amurka daren da aka fara nuna fim, ya ba shi makin A-, wato waɗanda suka je da iyalansu sun ji daɗi. A shafin Rotten Tomatoes kuwa, inda ake tara hukuncin masu sharhi, kusan kashi 70 cikin 100 ne suka yabe shi, alhali na farko ya samu kashi 87.

Inda aka fi ɗaga murya

Ƙorafin da ya fi yawo shi ne rashin zaratan nan biyar da ake kira Furious Five: damisa Tigress, biri Monkey, macijiya Viper, gauraka Crane da ƙoƙi-ƙoƙi Mantis. Su ne abokan gwagwarmayar Po tun farko, kuma manyan taurari ne suka ba su murya, ciki har da Angelina Jolie da Jackie Chan da Lucy Liu.

A kashi na huɗu an sallame su da 'yar magana, cewa kowa ya tafi wani aiki. Ba a gan su ba sai a ƙarshe, lokacin da sunayen ma'aikata ke wucewa, kuma babu wanda ya furta ko kalma ɗaya.

Na biyu shi ne yadda aka yi da tsofaffin mugayen. An yi ta tallar dawowar Tai Lung, damisar da ta girgiza kashi na farko. Ya dawo ɗin, kuma Ian McShane ne ya sake ba shi murya, amma 'yan mintuna ya yi, bai ko haɗu da Shifu ba, malamin da ya raine shi kamar ɗan cikinsa. Shen da Kai, mugayen kashi na biyu da na uku, sun tsaya ne kawai kamar gumaka.

Duk wannan gaskiya ne, amma alamar ciwo ce. Da an dawo da zaratan biyar an ba kowa magana goma, fim ɗin zai ci gaba da rashin abin da ya rasa. Ciwon yana wurare biyu: bos, da horo.

Bos ɗin da ba ta da nauyi

Duk wanda ya taso da kallon fim ɗin Chanis a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, tun zamanin Bruce Lee har zuwa Jackie Chan da Jet Li, ya san dokar da ba a rubuta ba. Darajar jarumi tana ga bos ɗinsa. Dole a ji tsoron bos, dole kuma a san abin da ya haɗa shi da jarumi.

Kashi biyu na farko sun kiyaye wannan doka. Tai Lung ɗalibi ne da aka cusa wa buri tun yana ƙarami, aka sa masa rai da sarautar Dragon Warrior, wato babban mayaƙin da ke kare Kwarin Aminci, sannan aka hana shi. Ya shekara 20 a kurkuku yana tafasa. Faɗansa da Shifu faɗan ɗa da uba ne, shi ya sa ya yi zafi.

A kashi na biyu, wanda Jennifer Yuh Nelson ta ba da umarni a 2011, ɗawisu Shen ya ƙera igwa domin ya kawo ƙarshen kung fu. Shi ne kuma ya kai wa ƙauyen pandoji farmaki saboda wani duba da aka yi masa, abin da ya raba Po da mahaifiyarsa tun yana jariri. Kafin Po ya ci Shen, sai da ya fuskanci wannan tabo. Fina-finan biyu duk sun shiga takarar kyautar Oscar ta fim ɗin katun.

To ina hawainiyar kashi na huɗu? Viola Davis ta ba ta murya mai kwarjini, kuma dabararta ba ta da laifi: ta buɗe ƙofar duniyar ruhohi da sandar Po, ta kirawo gwanayen da suka shuɗe, ta zuƙe fasaharsu. Amma babu wani tsohon bashi tsakaninta da Po. Dalilin da ta bayar na zama muguwa shi ne makarantun kung fu sun ƙi karɓar ta saboda ƙanƙantarta.

'Yan kallo ba su ɓata lokaci ba wajen tuna cewa a wannan duniyar ƙoƙi-ƙoƙi ma babban gwani ne, kuma Shifu kansa bai fi ta girma da wani abin kirki ba. Idan dalilin bos ya rushe da tambaya ɗaya, faɗan ƙarshe ya zama wasan wuta: ido ya sha kallo, zuciya ba ta motsa ba.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu

Ciwo na biyu ya fi girma. Jigon kashi na huɗu shi ne gado. Shifu ya umarci Po ya zama jagoran ruhi na kwarin, ya nemi wanda zai miƙa wa sarautarsa. Wadda ta gada ita ce Zhen, wata yanyawa ɓarauniya da Awkwafina ta ba murya, wadda hawainiyar ta tsinta a titi ta raina, ta kuma turo ta domin ta yaudari Po ta sato sandarsa.

Zhen ta ci amanar Po, ta yi nadama, ta dawo ta taimaka. Labari ne mai kyau na tuba. Amma tuba daban, ƙwarewa daban.

Fim ɗin faɗa, ko na mutane ko na katun, ginshiƙinsa horo ne. Ɗalibi yana ɗiban ruwa, yana hawa tsauni, yana shan duka, malami yana kallo bai ce komai ba. Ta nan ne ɗan kallo yake yarda cewa nasarar ƙarshe halal ce.

Kashi na farko ya ba wannan lokacinsa. An ga Po yana haki a kan matakalar fada, an ga zaratan biyar suna raina shi, an ga Shifu yana neman hanyar korar shi. Sai da Shifu ya gano cewa abinci ne mabuɗin ɗalibinsa, suka yi faɗan nan na tsinkayen cin abinci a kan dunƙulen fulawa ɗaya. Da Po ya buɗe takardar sirrin da kowa ke mutuwa a kanta ya tarar babu rubutu sai fuskarsa, darasin ya zauna, domin an ga guminsa kafin nan.

A kashi na huɗu, horon Zhen ya fara ne bayan an riga an ba ta sarautar, a 'yan hotunan da ke wucewa tare da sunayen ma'aikata. An ɗaura rawani kafin a yi karatu.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga fim ɗin da miliyoyin yara ke kallo a waya da talabijin. Wanda ya kalli na farko ya tashi da fahimtar cewa ko wanda ake yi wa dariya zai iya zama gwani idan ya jure wahala. Wanda ya fara da na huɗu zai iya ɗauka cewa kyakkyawar zuciya da sa'ar haɗuwa da babba sun isa.

Hujjar masu kare fim ɗin

Masu kare fim ɗin ba su rasa abin faɗa ba, kuma hujjarsu mafi ƙarfi tana cikin labarin kansa. Po ma ba da cancanta aka zaɓe shi ba. Daga sama ya faɗo gaban tsohon kunkuru Oogway, shi kuwa ya nuna shi da yatsa, aka bar Tigress da ta shekara da shekaru tana horo. Masu cewa Tigress ce ta dace da gadon Po, in ji su, suna maimaita kuskuren da Shifu ya yi ne a 2008.

Magana ce mai ma'ana. Amma fim na farko ya san cewa zaɓen Po abin haushi ne, ya sa kowa ya yi fushi, ya kuma kashe rabin lokacinsa yana amsa wannan fushin. Na huɗu bai bar kowa ya yi tambayar ba, domin waɗanda za su yi ta an tura su aiki.

Hujja ta biyu ita ce fim ɗin yara ne, bai kamata gardawa masu gemu su zauna suna yi masa tankaɗe da rairaya ba. Wannan raina yara ne. Kashi na biyu ma na yara ne, amma ya taɓo maraici da kisan ƙare dangi ba tare da ya daina ba da dariya ba, kuma shi ne ya fi duka huɗun samun kuɗi, kimanin dala miliyan 665.

Ta uku ita ce ƙarancin kuɗi. Gaskiya ne an rage kasafi sosai, daga dala miliyan 130 na farko da 150 na biyu zuwa 85. Amma a 2022 wannan kamfani ya saki Puss in Boots: The Last Wish, shekara 11 bayan na farkonsa, da kuɗin da bai kai na Kung Fu Panda na farko ba. Kerkecin da ke bin jarumin yana fito ya firgita manya da yara, fim ɗin ya kai takarar Oscar. Rubuta bos mai nauyi ba ya buƙatar ƙarin miliyoyi.

Ya kamata a faɗi abin da ya yi kyau. Jack Black bai gaji da Po ba. Birnin Juniper ya cika ido. Tafiyar iyayen Po biyu, Mista Ping mai sayar da taliya wanda ya raine shi da Li Shan wanda ya haife shi, suna bin bayansa cikin tsoro, tana cikin wurare mafi daɗi a fim ɗin. Ba mummunan fim ba ne. Matsakaici ne da ya fito daga gidan da aka saba ganin fitattu.

Albarkacin kaza

Hausawa na cewa albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko. Yawancin waɗanda suka sayi tikitin kashi na huɗu sun saya ne saboda abin da fina-finai uku suka shuka a zukatansu. Ribar 2024 girbin gonar 2008 da 2011 ce.

Haɗarin shi ne kamfani ya karanta alƙaluman a baibai, ya ɗauka cewa rage kuɗi, sallamar tsofaffin fuskoki da gaggauta labari su ne suka kawo ribar. Sakamakon fim mai rauni ba ya bayyana a aljihunsa, yana bayyana ne a aljihun wanda zai biyo bayansa, lokacin da mutanen da suka fito da sanyin jiki za su yanke shawarar ko su sake komawa.

Masu shirya fina-finai masu dogon zango a Kannywood sun san wannan yanayi: zangon farko ke tara jama'a, sunan kuma ya ci gaba da jan su ko da labari ya fara ja da baya, har ranar da za a waiwaya a ga an watse.

Saboda haka ƙorafin tsofaffin masoya Po ya fi tafin ƙofar sinima amfani ga DreamWorks. Su ne suka san abin da ya sa fim ɗin panda mai ƙiba ya zama abin tunawa. Idan za a yi kashi na biyar, Zhen na bin 'yan kallo bashin gumi: a gan ta tana faɗuwa, a ga Tigress tana hararar ta, a ga bos ɗin da ya san inda ciwonta yake. Sai an ga wannan kafin rawanin ya zauna a kanta.