ƊIYARKI TA SAN INDA ZA TA KAI KUKA IN ZUCIYA TA CI TA?

Yau ina so in ɗan ja hankalinmu ne a kan wata magana wadda muke gani ƙarama ce, alhali kuwa tana raba 'ya'yanmu da karatu, daga baya kuma ta raba su da gidajen mazansu, watau yawan fushi da rashin sanin wurin da za a kai kuka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, akwai wata yarinya a unguwarmu a nan cikin birnin Katsina wadda na koyar tun tana firamare. Allah ya ba ta ƙwaƙwalwa, har ta samu shiga wata kwaleji. Ran nan sai ga ta an dawo da ita gida da akwatinta. Wai a kan bokitin ruwa suka yi cacar baki da abokiyar ɗakinta, ta ɗauki kwano ta rotsa mata goshi, hukumar makaranta ta dakatar da ita. Da na je yi wa uwarta jaje sai na keɓe da ita na ce, "Ke kuwa me ya kai ki?" Ta ce, "Wallahi Malama, na daɗe ina jin abin nan yana taso mini, har hannuna rawa yake yi, barci ma ba na samu." Na ce to me ya hana ki gaya wa malamin ba da shawara na makarantarku? Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ai in aka gan ni a ofishin nan cewa za a yi na taɓu, wa zai aure ni?"

To jama'a, kun ji inda gizo ke saƙar. Yarinyar nan ta san tana da damuwa, ta san ofishin, tsoron bakin mutane ne ya hana ta shiga. Kuma tsoron nan nata yana da tushe. A wani bincike da likitoci suka yi a ƙauyen Karfi na Jihar Kano, aka buga shi a 2004, an tambayi manya 250 yadda suke gane mai taɓin hankali, sai alamar da suka fi ambata ta zama faɗa da fashe-fashen kaya. Ke nan a wurinmu duk wanda ya ce ba ya iya riƙe zuciyarsa, sai a fara yi masa maganar Dawanau. Wace budurwa ce za ta yarda a liƙa mata wannan suna?

Shi fushi kowa yana da shi. In ran mutum ya ɓaci jikinsa kan saki wani sinadari da likitoci ke kira adiranalin, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jini ya hau, numfashi ya ƙaru. Shi ya sa addininmu ya hore mu da cewa mai fushi ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna, ya kuma yi alwala. Amma in abin ya zama kullum, ya kai ga duka ko fasa kaya ko ƙaurace wa mutane, to lalle akwai abin da ke ƙarƙashinsa. Wata rashin barci ne, wata yunwa da rashin kuɗin makaranta, wata baƙin cikin da ta taso da shi daga gida, wata kuma shaye-shaye, wanda ya yi yawan da har Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da yin maganin tari mai kodin a 2018.

Ga shawarata ga shugabannin makarantunmu. Birnin Katsina yana da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Alƙalam, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, duk cike da 'ya'yanmu. Tun 1977 Manufar Ilmi ta Ƙasa ta yi tanadin a samar da malaman ba da shawara a makarantu. Amma buɗe ofis kaɗai bai isa ba, sai an san abin da ke cikin zukatan waɗanda aka buɗe shi dominsu. Auna ra'ayin ɗalibai a kan neman taimako abu ne da aka daɗe ana yi a duniya. A ƙasar Amurka wasu masana biyu, Fischer da Turner, sun tsara tambayoyi 29 tun 1970, ɗalibi ya karanta kowace magana ya nuna ya yarda ko bai yarda ba, daga nan a gane ko yana jin kunyar neman taimako, da kuma ko ya amince da masu ba da shi.

Me zai hana a yi irin wannan a nan, da Hausa, ba tare da an rubuta suna ba? A tambayi yarinya: in zuciya ta ci ki, wa za ki fara gaya wa, uwa ko ƙawa ko malamar Islamiyya ko likita? Za ki iya gaya wa namiji damuwarki? Kina tsoron maganar ta fita? In amsa ta nuna 'yan mata ba sa son zuwa wurin namiji, sai a sa mace. In ta nuna ofishin yana kan hanyar da kowa ke gani, sai a mayar da shi wani lungu. Likita ma ba ya ba da magani sai ya auna.

Na san wasu iyaye za su ce, mu da muka taso ba mu san wannan ba, haƙuri kawai aka koya mana, kuma mun zauna lafiya. Gaskiya ne haƙuri maganin zaman duniya ne. Sai dai mu tuna, a da yarinya tana tsakanin kaka da gwaggo da inna, kowa na lura da ita. Yau tana ɗakin kwanan ɗalibai tare da baƙin fuskoki, ga jarrabawa, ga waya a hannu. Kuma mu faɗi gaskiya, mu matan aure nawa ne cikinmu muke haɗiye ɓacin ran maigida mu sauke a kan yara? Haushin kaza huce kan dami ke nan, kuma a nan 'ya'yanmu ke koyon abin.

Ko dokar ƙasa ma ta sauya. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana a wulakanta mai neman magani.

Saboda haka ke uwa, in ɗiyarki ta zo hutu, zauna da ita ki tambaye ta abin da ke ɓata mata rai, ki saurara kafin ki ce ta yi haƙuri. Ke kuma 'yar makaranta, in kin ga zuciyarki tana neman fin ƙarfinki, je ki wurin malamar da kika amince da ita ko asibiti mafi kusa tun kafin a kai ga da-na-sani. Yarinyar unguwarmu dai ta yi asarar shekara guda ta karatu, kuma har yau ana nuna ta da baki in ta fita. Allah ya shirya mana zuriya, ya sanyaya zukatanmu, amin.