Haddar Turanci Ba Nazarin Adabi Ba Ce

Ana cutar 'ya'yanmu a ajin adabin Turanci, da rana tsaka, kuma da kuɗin iyayensu. Malami zai shigo aji hannu rabbana, shi ba littafi, ɗalibai ba littafi, ya juya musu ƙeya ya cika allo da jimlolin Turanci, ya ce wannan shi ne harshen nazari, wanda ya haddace ya haye. "The writer vividly portrays." "The poet skilfully employs." "This goes a long way to show." A ƙarƙashinsu ga jerin sunayen adon magana, kowanne da misali guda, misalin da aka ba mu tun muna yara shi ne har yau. Yara su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su amayar. In sakamako ya fito da F9 sai a taɓe baki a ce ai yaran Arewa ba sa jin Turanci.

Ƙarya ne. Ba a ba su abin da za su ji ba ne.

Ba gaba nake da kalmomin ba. Kowace sana'a da bakinta, mai nazarin adabi ma yana da nasa. Amma aikin kalmar nazari shi ne ta ɗauko wani abu da ka gani a cikin littafi ta miƙa wa mai karanta amsarka. In ba ka ga komai ba, me za ta ɗauko? Sabon guga ne da sabuwar igiya aka zura a busasshiyar rijiya.

Kwanan baya 'yar ƙanwata, wadda ke ajin ƙarshe a wata makarantar kuɗi, ta kawo mini amsar da ta rubuta kan The Lion and the Jewel na Wole Soyinka, tana ta murna an ba ta maki mai kyau. Shafi ɗaya da rabi, rubutu tsaf. In aka tace abin da ke ciki, magana ɗaya ce: wai marubucin ya yi amfani da gwaninta wajen nuna karo tsakanin al'ada da zamani. Ta faɗe ta ta gaba, ta juya ta faɗe ta ta baya, ta sake yi mata wata riga ta faɗa. Na ce, "To 'yata, a ƙarshe wa ya auri Sidi?" Ta yi jim, ta leƙa takarda, ta ce, "Kawu, Malam bai rubuta mana wannan ba." Na ce littafin fa? Ta ce a ajinsu kaɗan ne suka taɓa riƙe shi a hannu.

Abin haushin, abin dariyar kuma, wasan nan da aka wallafa a 1963 wannan halin yake yi wa ba'a. Lakunle, malamin makarantar ƙauyen Ilujinle, yana son Sidi amma ya ƙi biyan kuɗin aure, wai ƙauyanci ne. Da ta tsaya kan bakanta, sai ya shiga jero mata manya-manyan kalmomin Turanci na kushe al'adar, ɗaya bayan ɗaya, har suka ƙare masa. Da ta yi masa shaguɓe, ya amsa da bakinsa cewa ƙaramin ƙamus gare shi, amma ya aika a kawo masa babban. Ga kalmomi cike da baki, hujja babu ko ɗaya. Tsoho Baroka, sarkin ƙauyen mai shekara 62, shi ya tafi da yarinyar. Wato muna koyar da littafin da ke zambon Lakunle, muna kuma ƙera sababbin Lakunle aji-aji, shekara-shekara, muna buga musu hatimi muna cewa sun yi adabi.

Ita kanta jimlar nan ta karon al'ada da zamani, wadda aka cusa wa kowane yaro daga Sakkwato har Legas, duk wanda ya karanta wasan ya san ta gaza. Baroka da ake kira wakilin al'ada, gaskiya ne shi ya ba mai awon hanya toshiyar baki aka kauce da layin dogo daga ƙauyensa. Amma shi ne kuma ya ajiye injin buga kan sarki a ɗakinsa, ya ja ra'ayin Sidi da alkawarin sa hotonta a kai. Ba zamani yake ƙi ba, zamanin da linzaminsa ba ya hannunsa yake ƙi. Lakunle kuwa, mai wa'azin wayewa da 'yancin mata, da ya ji abin da ya faru tsakanin Sidi da Baroka, ya ce zai aure ta a hakan, amma bai manta da ya shigo da sharaɗin cewa yanzu maganar kuɗin aure ta faɗi ba. Wane ne wayayye a cikinsu? Ɗalibar da ta rubuta wannan da Turanci mai sauƙi, tana kawo abin da ya faru tana faɗin abin da ta gano, ta yi nazari. Wadda ta cika shafi da "vividly" da "skilfully" ba ta fara ba ma.

Ciwon ba namu ba ne mu kaɗai, kuma ba na jiya ba ne. A Jami'ar Kambirij ta Ingila, wani malami mai suna I. A. Richards ya riƙa raba wa ɗalibai waƙoƙi bayan ya cire sunan mawaƙi da shekarar waƙar, ya ce kowa ya rubuta abin da ya gani. Ya tattara abin da ya samu kan waƙoƙi 13 a littafinsa Practical Criticism na 1929. Da yawa daga cikin ɗaliban ma'anar waƙar ta fili ma ta kuɓuce musu, sai suka riƙa cike gurbin da amsoshin da suka zo da su a aljihu tun kafin su karanta. 'Ya'yan Turawa ke nan fa, waɗanda a nono suka sha Turanci. Ashe matsalar ba ta ƙarancin Turanci ba ce, ta rashin tsayawa a kalli shafi ce. Mu kuma sai muka ɗauki cutar da mutumin ya gano kusan shekara 100 da suka wuce muka mai da ita manhaja.

Malamai za su ce jarrabawa ce ta tilasta. To mu duba jarrabawar. Adabin Turanci a WAEC takarda uku ce. Ta farko canki-canka ce mai tambaya 50, kuma a nan ne sanin sunayen adon magana ke da rana, ban musa ba. Amma a cikin 50 ɗin nan akwai 20 kan wasan Shakespeare, inda za a ciro magana a ce wa ya faɗa, wa ya faɗa wa, a ina. Akwai waƙa da guntun labari da yaro bai taɓa gani ba. Takarda ta biyu da ta uku kuwa dogon rubutu ne kan ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo da waƙa. Wace jimlar allo ce za ta gaya wa yaro abin da ya sa Francis ya ƙona rubutun littafin matarsa Adah a Second Class Citizen na Buchi Emecheta, da abin da ƙonawar ta jawo wa aurensu? Jarrabawar ba ta ce kada a karanta littafi ba. Lalaci ne ya ce, da rowar masu makarantu.

Eh, masu makarantu. Mutum ya karɓi kuɗin makaranta, kuɗin rigar wasanni, kuɗin bikin yaye ɗalibai, har da na fenti, amma a ce ya sayi kwafi 30 na wasan da bai kai shafi 100 ba ya ajiye a kabad, abin ya gagara. Makarantun gwamnati kuwa, ɗakin da aka rubuta wa laburare a ƙofa galibi karyayyun kujeru ne a ciki. Cikin wannan gibin ne masu buga 'yan littattafan taƙaice labari suka kafa kasuwa: littafi kamar Invisible Man na Ralph Ellison, mai sama da shafi 400, a matse shi a 'yan shafuka, a liƙa masa jerin jigogi da jimlolin hadda, a sayar a bakin ƙofar makaranta. Wani malamin ma daga nan yake kwafo abin da yake rubutawa a allo. Shi ma bai karanta ba.

In ana maganar Turancin da ke da amfani ga mai nazari, ai ba shi da yawa kuma ba ya ƙyalli. Kalmar "because" ta fi duk abin da ke kan allon nan daraja, domin duk wanda ya rubuta ta dole ya kawo dalili. Sai "but" da "although", masu tilasta wa yaro ya ga cewa Baroka fuska biyu gare shi. Sai "suggests", wadda ke koya masa bambanci tsakanin abin da littafi ya faɗa ɓaro-ɓaro da abin da ya bari a hasasa. Sai sanin cewa mai magana a cikin waƙa daban, mawaƙi daban: a Journey of the Magi ta 1927, tsohon matafiyi ne ke tuna wahalar tafiyar da suka yi, ba T. S. Eliot ne ya hau raƙumi ba. A Wuthering Heights na Emily Brontë, na 1847, labarin ta bakin baƙo Lockwood da mai aikin gida Nelly Dean yake iso mana, kuma Nelly tana da waɗanda take so da waɗanda ba ta so. Yaron da ya tambayi kansa ko a yarda da ita ya shiga gonar nazari. Duk wannan ba ya cika rabin allo, amma ba ya koyuwa sai da littafi a buɗe.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake ɗaukar yaran nan kamar ba su taɓa jin magana mai ado ba sai da suka shigo ajin. Yaron da ya tashi yana jin Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa, wanda tun yana goye yake jin yadda ake sakin habaici a tsakar gida, wanda in an yi wa wani gugar zana shi ne farkon dariya, shi za a ce bai san magana mai harshen damo ba? Wanda ya yi makarantar Arabiyya ya karanta balaga, ya san tashbihi da isti'ara da kinaya. A ajin Hausa, wanda ke jikin bangon ajin adabin Turanci, ana koya masa jigo da warwararsa, da zubi da tsari, da salo, da kamantawa da siffantawa da mutuntarwa, a kan turbar da malamai irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, da Farfesa Abdullahi Bayero Yahya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka share da littattafansu. Malamin Hausa da malamin adabin Turanci ofis ɗaya suke zama, shayi ɗaya suke sha, amma ba a taɓa tunanin su haɗa aji ko na awa guda ba. Maimakon haka, in yaro ya kuskura ya yi Hausa a aji sai a ci shi tara. Da za a bar su minti goma su yi musu da Hausa kan ko Sidi ta yi wauta ko dabara, wallahi sai an raba su. Bayan nan a ce to kowa ya rubuta matsayinsa da Turanci, da hujja biyu daga littafin. A lokacin ne yaro zai ɗaga hannu ya nemi kalma, domin yana da abin faɗa kalmar ce ta ɓace masa. Kalmar da aka ba shi a wannan gaɓar ba ya manta ta.

Kuma kada wani ya ɗauka wannan rigimar masu son waƙe-waƙe ce. Galibin jami'o'in Nijeriya ba sa ɗaukar ɗalibi karatun lauya sai da kiredit a adabin Turanci. Daga ajin nan lauyoyi da alƙalai da 'yan jaridar gobe ke fitowa, mutanen da abincinsu shi ne su karanta rubutu su faɗi abin da ya ce da abin da ya ɓoye. Mun shafe shekara uku muna horar da su kan yadda ake cika takarda ba tare da an ce komai ba, sa'an nan mu dawo muna ƙorafin sanarwar gwamnati mai shafi biyar da ba wanda ya san inda ta dosa.

Iyaye, ranar taron iyaye da malamai na gaba, kafin a fara maganar ƙarin kuɗi, wani ya miƙe ya tambayi shugaban makaranta kwafi nawa na littattafan adabin bana ke cikin makarantar, ya ce a ɗauko a gani. In an ce an ba da oda, a tambayi ranar isowa, a sa sakatare ya rubuta.