Zancen Zango: Tashi Daban, Iya Tashi Daban

 

Duk wanda ya girma a Nima ko Maamobi ba zai iya tuna ranar da ya fara ganin jirgin sama ba, domin da ƙararsa a kunne aka raɗa masa suna. Filin jirgin Ankara maƙwabcinmu ne. Muna ganin jirage suna sauka suna tashi safe da yamma, muna raka alhazai, muna tarbo su. Amma in ka tambayi dattijo a bakin masallaci ko ɗansa zai iya zama matuƙin jirgi ko makanikensa, sai ya yi murmushi ya ce wannan ai na 'ya'yan wasu ne. Abin da ya sa na ɗauko zancen jirgi a wannan wata, wani yaro ne ɗan maƙwabcina a Maamobi, mai shekara 14.

Wannan yaro ya yi makonni yana tsintar farar robar nan marar nauyi da ake tallafe talabijin da ita a cikin kwali. Ya yanka, ya goge, ya manna, ya fid da jirgi mai tsawon kamu ɗaya, da fukafukansa da jelarsa. Ran da ya gama, sai ya hau saman bene, yaran layi suka taru a ƙasa, ya wurga shi. Jirgi ya ɗaga hanci sama kamar zai tafi Makka, ya tsaya cak, ya juyo ya faɗo kan teburin wata mai koko da ƙosai. Aka yi ɓarin koko, aka kai ƙara gida. Uban ya biya kuɗin koko, ya taka jirgin da ƙafa, ya ce in an rufe makaranta wannan karon zai kai shi wajen masta ya koyi gyaran mota, tunda karatun ba ya shiga, musamman lissafi.

Da yamma yaron ya same ni da ɓaraguzan jirginsa, ya ce, "Baba, ai ya tashi. Kowa ya gani ya tashi." Na ce masa, "Ya tashi, ɗana, amma dutse ma in ka wurga shi yana tashi." Daga nan na ba shi labarin da zan ba ku yanzu.

A ƙasashe da yawa akwai mutane, manya da yara, masu gasar wasa da ƙananan jiragen sama. Matuƙin yana tsaye a ƙasa da na'urar rediyo a hannu, jirgin yana sama yana bin umarninsa. Babbar ƙungiyar wasannin sama ta duniya, wato FAI, wadda aka kafa a birnin Faris a 1905, ita ce ke shirya gasar duniya ta irin wannan, kuma an yi ta farko a ƙasar Suwizalan a 1960. A 2013 gasar ta zo nahiyarmu, aka yi ta a Afirka ta Kudu. Akwai kuma wata ƙungiya mai suna IMAC da aka kafa a Amurka a 1974, wadda ta sa sharaɗin cewa ƙaramin jirgin ya zama kwafin wani babban jirgin wasan sama na gaske, irin su Extra 300 da Yak 54, har da mutum-mutumin matuƙi a zaune a ciki. Manyan cikinsu faɗin fukafukansu yakan kai mita 3, injinsu kuwa na fetur ne, ƙarfinsa bai gaza na baburan da ke yawo a titin Nima ba.

To, mai karatu zai ce wane ne ke cin gasar, wanda ya fi gudu ko wanda ya fi nisa? Ko ɗaya. A gasar IMAC, ana ba kowane matuƙi takarda mai ɗauke da motsi 10 da zai yi bi da bi. Ba da kalmomi ake rubuta su ba, da wasu zane-zane ne da wani matuƙin jirgi ɗan ƙasar Sifen mai suna Aresti ya tsara, waɗanda masu manyan jirage ma da su suke aiki. Saboda haka Bajamushe da Bajapane da Bahaushe duk za su karanta takarda ɗaya su fahimci abu ɗaya. A ciki akwai zagaye, inda jirgi zai zana zobe a sama. Akwai mirgina, inda zai juya ciki ya koma sama yana tafe a kan layinsa. Akwai inda zai miƙe sama tsaye ƙyam har gudunsa ya kusa ƙarewa, sannan ya karkato hanci ya sauko tsaye kamar yadda ya hau. Wani abokin matuƙin yana tsaye a bayansa yana faɗa masa motsi na gaba, domin shi ba ya da damar ɗauke ido daga jirgin.

Alƙalai suna zaune a baya da alƙalumansu. Kowane motsi da maki 10 yake farawa, daga nan sai ragi. In jirgi ya kauce daga layinsa da digiri 5, an cire rabin maki. Ku dubi agogon bango: tazarar da ke tsakanin minti ɗaya da na kusa da shi digiri 6 ce. Wato kuskuren da bai kai minti ɗaya a fuskar agogo ba, alƙali ya gani, ya rubuta. Zoben da ya fito kamar ƙwai ba zobe ba ne. Iska kuwa ba uzuri ba ce, aikin matuƙi ne ya lissafa ta ya gyara, yadda mai kallo zai ga layi miƙaƙƙe ko da iska tana tura jirgin gefe. Motsin da ya fi wuya ana ninka makinsa fiye da mai sauƙi. A ajin da suka wuce na masu farawa kuma, akwai takarda ta biyu da ba a nuna wa kowa sai gab da gasa, kuma an hana gwada ta da jirgi. Sai dai mutum ya zauna ya hardace ta, ya tuƙa ta a zuciyarsa, gari ya waye ya fito ya yi ta sau ɗaya a gaban jama'a.

Da na kai nan sai yaron ya ce, "Baba, yaya ake gane digiri 5?" Na ce ya je ya ɗauko akwatin lissafinsa na makaranta. Ashe ma'aunin kusurwar da ke ciki bai taɓa sanin amfaninsa ba, sai dai ya riƙa ja masa layi a bayan littafi.

Wannan shi ne abin da nake so mu lura da shi, 'yan'uwa. Mu mutanen Zango ba hannu muka rasa ba. Wanda ya ga motocin gwangwani da yaranmu ke ƙerawa, ko ya ga yadda samarinmu ke farke wayar salula su mayar, ya san haka. 'Yan'uwanmu na Arewa ma haka suke. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarfe, har ya ɗaga daga ƙasa, labarinsa ya zaga duniya. Amma ɗabi'armu ita ce in yaro ya yi abin mamaki, ko dai mu tafa masa rana ɗaya mu watse, ko mu ce wasan banza ne mu taka. Duka biyun ba su koya masa komai ba. Abin da gasa take ba yaro, wanda tafi ba ya ba shi, shi ne ma'auni. Wani zai ce masa yau ka sami 4, ga dalili, je ka gyara ka dawo. Hannun da ya saba da irin wannan hukunci shi ne gobe za a amince masa ya ɗaure ƙusa a jikin jirgin da ke ɗauke da alhazai 300.

Kada kuma wani ya ce abin baƙo ne a ƙasar nan. A zamanin Kwame Nkrumah an buɗe makarantar koyon tuƙa jirgi marar inji a Afienya, kan hanyar Tema zuwa Akosombo, a ƙarƙashin wata Bajamushiya mai suna Hanna Reitsch, wadda ta zauna a Ghana daga 1962 zuwa juyin mulkin 1966. Ita kanta matar akwai abin faɗa a tarihinta, domin ta yi wa gwamnatin Hitila aiki, amma manufar makarantar ita ce matasan ƙasa su saba da sama. A Kpong kuma, wata yarinya mai suna Patricia Mawuli ta je ƙaramin filin jirgi neman aiki a 2007, aka sa ta tumɓuke kututture, daga nan ta koyi haɗa jirgi da gyaran injinsa, ta sami lasin tuƙi a 2009. A 2019 kamfanin Zipline ya fara aika jini da magani zuwa asibitoci da jirage marasa matuƙi daga Omenako, kusa da Suhum. Waɗancan jirage, in ka dube su, 'yan'uwan na gasar nan ne a girma, kuma mutane ne ke haɗa su, su duba su, su gyara su. Tambayar ita ce, yaran Zango nawa muka shirya wa irin wannan aiki?

Na san abin da iyaye za su ce: kuɗi. Gaskiya ne, babban jirgin gasa ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu, kuma ba na ce kowa ya sayar da akuyarsa ba. Akwai kuma doka. Tun 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Ghana ta wajabta rajistar jirage marasa matuƙi, ta kuma hana tashinsu kusa da filin jirgi. Mu kuwa a bakin filin muke, ga fadar shugaban ƙasa a gefenmu. Saboda haka kada wani saurayi ya ji wannan zance ya je filin Kawukudi da jirgin rediyo, ya jawo wa iyayensa zirga-zirgar ofishin 'yan sanda. Mai wannan sai ya nemi izini, ya fita bayan gari inda fili yake.

Amma matakin farko ba ya bukatar rediyo ko inji. Jirgin wurgawa da hannu, na roba ko kwali, a tsakar makaranta ake gwada shi. Abin da ake bukata shi ne igiya a shimfiɗa a ƙasa ta zama layi, da agogo, da malami guda mai adalci da littafin rubuta maki: wane ne ya fi daɗewa a sama, wane ne ya sauka kusa da layi. Mataki na biyu shi ne jirgi mai igiya, wanda matuƙi ke riƙe da shi da siraran wayoyi biyu masu tsawon kamar mita 20, yana tsaye a tsakiya jirgin yana kewaya shi. Da wannan ma ana yin zobe da sauran motsi, kuma shi ma yana da gasar duniya. Akwai kuma manhajojin kwamfuta da yaro zai koyi tuƙi a kansu, ya faɗi sau ɗari bai yi asarar ko pesuwa ba. A nan zai gane abin da ke rikita kowane sabon matuƙi, wato in jirgi ya juyo yana fuskantarka, damarka ta zama hagunsa. Ƙananan injuna da batir da waya kuwa, masu gyaran rediyonmu sun san lungun da ake samunsu a Zongo Lane.

Kirana ga shugabannin makarantun Islamiyya da na boko, da sarakunan Zango, da samarin da ke zaman shan ataya, shi ne a ware Asabar ɗaya a wata. Kada a jira wani asusu ko wani ɗan siyasa. Kuma a sa 'yan mata a ciki, domin ba da ƙarfi ake wannan ba, da natsuwa ne.

Shi kuwa yaron namu, ciwon jirginsa ba babba ba ne, jela ce ta fi hanci nauyi. Jirgin da bayansa ya yi nauyi dole ya ɗaga kai, gudunsa ya mutu, ya faɗo. Da ya ƙera na biyu, sai muka ɗora shi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fukafukai, kamar kashi ɗaya cikin uku daga gabansu. Ya rinjaya baya. Muka manna masa kwabbai biyu a hanci har ya daidaita. Ya wurga shi a hankali, jirgi ya ratsa tsakar gida sumul, ya sauka a gindin randa. Ya sake, ya sake, har sau 12, yana rubuta taku nawa ya yi kowane karo.

Uban yana zaune a kan buzunsa yana kallo, bai ce uffan ba. Bayan sallar isha'i ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, wai da gaske lissafi ne wannan?" Na ce, "Alhaji, lissafi ne tsantsa." Ya yi shiru, sannan ya ce zai bar shi ya gama wannan shekarar a makaranta, a ga abin da sakamako zai nuna. Bai yi alkawarin fiye da haka ba, ni ma ban roƙi fiye da haka ba. Yanzu magana ta koma hannun yaron, da hannun duk wanda zai yarda ya zauna masa alƙali.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a hannuwansu. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.