«Da» da «ko» a bakin gadar Malanville

Kafin juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya jawo rufe iyaka, manyan motoci daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano kan yi layi a Malanville, suna jiran haye gadar Kogin Neja zuwa Gaya. A ɗauka jami'in kwastan, wanda mutanen can ke kira ɗan duwan, ya ce: «Motocin albasa da na shinkafa su bi hagu.» Babu direban da zai fahimci cewa sai motarsa ta ɗauko kayan biyu. Mai albasa zai bi hagu, mai shinkafa ma haka. Wato «da» a nan ta yi aikin «ko».

Na'urar da ke rarraba zirga-zirgar intanet ba ta da wannan basirar. A na'urorin Cisco, ƙa'idar tantance ƙunshin bayanai, class-map, iri biyu ce: match-all, inda sai dukkan sharuɗɗa sun cika, da match-any, inda ɗaya ya wadatar. In ba a fayyace ba, match-all na'urar ke ɗauka. Injiniyan da ya yi tunani irin na ɗan duwan, ya ce «murya da bidiyo su wuce gaba», ya rubuta layi biyu, ɗaya na lambar DSCP 46, ɗaya na 34, ya kafa ƙa'idar da babu abin da zai cika ta, domin ƙunshi ɗaya ba ya ɗaukar lamba biyu. Na'urar ba za ta yi ƙorafi ba. Muryar za ta faɗa cikin layin gama-gari, kira ya riƙa yankewa duk lokacin da hanya ta cunkushe.

Saboda haka bai dace a fassara match-any da «kowane sharaɗi» ba, ko da yake ita ce fassarar da ke fara zuwa baki. «Kowane» na ɗauke da «ko» a jikinsa, amma a jimla mai tabbatarwa ma'anarsa duka ce: «kowane direba ya biya» na nufin ba a bar ko ɗaya ba. Ɗalibin da ya karanta «a cika kowane sharaɗi» match-all zai fahimta, akasin abin da aka nufa.

«Ko da ɗaya» ga match-any, «sai duka» ga match-all, sun fi aminci. Wani zai ce ba su da kamar kalmomin fasaha, kuma da gaskiyarsa. Sai dai mai sayar da albasa a kasuwar Malanville zai gane su ba tare da an maimaita masa ba.