Jarrabawar Manyan Sakatarori Tana Bukatar Tazkiyya

Ya ku malamai da fatake na Dutsin-Ma da Kurfi, ga wata magana da ta shafe mu, ko da ba mu cin albashi.

A shekarar 2023 Gwamna Dikko Umaru Radda ya sa masu neman muƙamin babban sakatare a Jihar Katsina su zauna jarrabawa kafin a naɗa su. Na yaba wannan. A da, wanda ya fi yawan zuwa gaisuwa zauren manya shi ke hawa, mai aiki kuwa ya tsufa bisa kujera guda. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ma ya taɓa irin wannan gyara a Tarayya cikin 2009, da aka yanka wa manyan sakatarori da daraktoci wa'adin shekara 8 domin na ƙasa su sami hanya.

Amma fa jarrabawa rabin aiki ce. Mu masu allo mun sani, yaro yana iya kawo hadda ba gyara ko ɗaya, ka ba shi ajiyar kuɗin Laraba ya cinye. Malaman fiƙihu sharaɗi biyu suka kafa ga mai riƙon al'amarin jama'a, iyawa da amana. Takarda tana auna iyawa. To, amana fa, wa zai auna ta? Alƙali ba ya karɓar shaidar wanda bai sani ba sai an yi masa tazkiyya, ko da shari'ar akuya ce. Ƙaƙa za a danƙa wa mutum kuɗin taki da na magani na jiha sukutum, ba a tambayi kowa halinsa ba? Wannan ba baƙon zance ba ne a ƙasar Katsina, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Malam Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, ya ja kunnensa a ciki kan zaɓen ma'aikata.

Ku dubi madatsar Zobe da ke nan kusa da mu. An gama gininta a 1983, ba a buɗe aikin kai ruwanta birnin Katsina ba sai 2021. Ban ɗora laifin ga mutum ɗaya ba. Sai dai gwamnatoci nawa suka shuɗe, na soja da na farar hula, alhali takardun aiki a hannun ma'aikata suke kwana.

Shawarata ita ce, waɗanda suka ci jarrabawa a kafa sunayensu a ƙofar hakimai har kwana 40 kafin rantsuwa. A tambayi garuruwan da mutum ya yi aiki, da akawunan da suka zauna ƙarƙashinsa, da 'yan kasuwar da suka kai kaya ofishinsa, ko sai da suka ba da goro aka biya su. Na san mahassada za su taso. Saboda haka kada a karɓi takarda marar suna. Mai magana ya zo da fuskarsa, ya rantse, shi kuma wanda ake tuhuma a ba shi dama ya kare kansa.