Taya mai tudu na sa maleji ƙarya

A Kasuwar Ƙofar Ruwa da rumfunan masu faci a cikin birnin Kano, akwai shawarar da aka saba bai wa wanda ya sayi mota 'yar Beljiyam: ya sa mata taya mai tudu don kada cikinta ya riƙa bugun ƙasa. Shawarar na da hujja, ganin ramuka da kwatocin da ke lungunanmu. Sai dai akwai illar da ba a cika faɗa wa mai motar ba.

Maleji ba hanya yake aunawa ba, juyin taya yake ƙirgawa, bisa girman da kamfani ya tsara. A ɗauki lambar 205/55 R16 da ke jikin taya: 205 faɗinta ne a milimita, 55 kuma tudun gefenta, wato kashi 55 cikin ɗari na faɗin. Tsayinta gaba ɗaya ya kai milimita 632. Idan aka maye ta da 205/65 R16, tsayin zai koma 673. Motar za ta ɗaga da santimita biyu kacal, amma kowane juyi zai ƙara cin ƙasa da kashi shida da rabi cikin ɗari. Allura na kan 100, motar na gudun wajen 106.

Kilomita 100 a awa shi ne iyakar da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta sa wa ƙananan motoci a manyan tagwayen hanyoyi irin ta Kano zuwa Zariya. Ke nan direba zai iya karya doka bai sani ba, kuma tazarar da birki ke buƙata ta ƙaru. Lissafin kilomitan da ake dogara da shi wajen juyen baƙin mai shi ma zai ragu. Motocin Amurka na da ƙarin tarko: manyan lambobin malejinsu mil ne, kuma mil 70 ya haura kilomita 112.

Nauyin ya rataya ne a wuyan masu sayar da taya da masu faci, domin maganarsu ake ji. Ya kamata su duba takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, inda kamfani ya rubuta girman taya, kada su bari bambancin ya wuce kashi uku cikin ɗari. Wanda kuwa ya riga ya canja, ya gwada malejinsa da GPS na waya kafin ya hau babbar hanya da iyalinsa.