Gyaran Rigar Amarya: Kada Mu Bari Sai Makon Biki

Yawancin amarenmu a nan Wudil ba sa ɗinka farar rigar aure sabuwa. Wata haya take ɗaukowa a Sabon Garin Kano, wata ta sayi gwanjo, wata kuma ta gaji ta yayarta. Da wuya irin wannan riga ta zauna daidai a jiki, sai an kai wa tela. A nan ne matsala take farawa.

Gyaran rigar amarya ya bambanta da ɗinkin atamfa. Tana da shafi, da leshi, da duwatsu waɗanda sai an cire su da hannu kafin keke ya bi ta wurin. Rage riga yana da sauƙi, amma buɗa ta sai in an bar rarar ƙyalle a ciki. In almakashi ya yi kuskure, babu gyara. Ɗigon man keke ko dutsen guga mai zafi ya isa ya ɓata ta, kuma in ta haya ce, iyaye ne za su biya.

Waɗansu suna cewa a bar aikin a Kano, wai can ne gwanaye suke. Mu dai muna ganin na gida ya fi. Daga Wudil zuwa Kano kimanin kilomita 40 ne, riga kuwa tana bukatar gwaji sau biyu ko uku. Maɗinkiyar da take unguwarmu, wadda muke haɗuwa da ita a kasuwa ran Jumma'a, tana jin nauyin saɓa alkawari. Abin da za mu duba shi ne gwaninta da riƙon amana, ko Kirista ce ko Musulma.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A fara ba ta ƙaramin aiki, a kuma nemi ganin rigar amarya da ta taɓa gyarawa. A kai rigar da saura wata biyu, musamman in bikin ya faɗo kusa da Kirsimeti ko Sallah, lokacin da ɗinki yake yi wa teloli yawa. Amarya ta tafi da takalmin da za ta sa domin a auna tsawo. A rubuta kuɗin aiki da ranar karɓa, a ba da kafin alƙalami kawai.

Dattawa, ku ma kuna da aiki. In ikkilisiya tana da ƙa'ida a kan wuya ko hannun riga, a faɗa wa amarya tun ranar da aka fara yi musu gargaɗin aure. Abin kunya ne a tsai da yarinya a ƙofar majami'a ana neman mayafin da za a rufe mata kafaɗa.

Muna roƙon Zumuntar Mata ta kowace ikkilisiya ta rubuta sunayen maɗinkan da aka gwada aka yarda da su, ta ajiye a wurin magatakarda. Ubangiji ya albarkaci gidajen 'ya'yanmu.